Gwamna Lugga da Gadon Daurama: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Baturen da kakanninmu ke kira Gwamna Lugga, wato Birgediya Janar Frederick Lugard, ba a Ingila ma aka haife shi ba. A Madras ta ƙasar Indiya ya zo duniya a 1858, ɗan limamin Kirista mai yi wa sojoji wa'azi.

Kafin ya tako ƙasar Hausa ya sha ƙamshin albarushi a Afganistan da Sudan da Bama. A 1888, a Karonga da ke bakin tafkin Nyasa, harsashi guda ya shiga masa ta hannu, ya ratsa ƙirji, ya fasa ɗaya hannun, amma da yake da sauran shan ruwa, ya tashi.

Sunan Najeriya kuwa daga gidansa ya fito. Flora Shaw, 'yar jarida, ita ta raɗa shi a jaridar The Times a 1897, shekara biyar kafin su yi aure.

Ga wanda ya fi ɗaure mini kai. Da Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsa a 1903, sai ya bar mulki a gidajen Fulanin da suka karɓi tuta, ya riƙa juya ƙasa ta hannunsu. Daura ce ta fita zakka. Tun wajen 1805 Malam Isiyaku, mai tutar Fulani, ya fitar da Sarkin Daura na Haɓe, Sarkin Gwari Abdu, daga birnin, 'yan gidan Abdu suka yi kusan shekara ɗari suna sarauta a gefe, a Zango da Baure. Sai ga Turawa sun ɗauko Malam Musa daga Zango sun ɗora shi a gadon kakanninsa. Katsinawan Maraɗi da Zazzagawan Abuja ba su ga irin wannan rana ba. Suna ji suna gani biranen kakanninsu suka zauna a hannun wasu.

Daga nan aka tura Lugga Hong Kong a 1907, inda har yau akwai titi mai sunansa a kan dutse. A Najeriya kuwa, ko gadar da ya gina a Zungeru sai da aka kwance ta aka kai Kaduna.

Ɗan Malam Musa, Sarki Abdurrahman, ya hau a 1911. Yana kan karaga Lugga ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, yana kai labarin mutuwar Lugga ya iso a 1945, yana kai aka sauke tutar Ingila a 1960. Sai a 1966 ya rasu, bayan shekara 55 yana sarauta.