Wuƙar Aljihu: Ƙaramin Ƙarfe Mai Dogon Labari

A ƙasar Hausa wuƙa da kubenta aka san ta: ta makiyayi a ɗamara, ta Buzu a damtse, askar wanzami kuma a zabira. A Turai da Amurka da Japan kuwa sai suka yi wa wuƙa dabarar da za ta zama kuben kanta, ruwan ya naɗe ya shige cikin ƙota, a jefa a aljihu. Manoma da makiyaya da leburori ne suka raine ta, amma yau akwai masu tara ta suna jerawa, kamar yadda iyayenmu mata ke jeren kwalla a ɗaki. Ga kaɗan daga abubuwan mamakin da ke tattare da ita.

1. Ta girmi aljihun kansa
Wuƙa mai naɗewa mafi tsufa da aka sani an tono ta ne a Hallstatt, cikin ƙasar Ostiriya. Ƙotarta ta ƙashi ce, an kuma ƙiyasta an ƙera ta shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa. A lokacin ba a ma fara ɗinka wa tufafi aljihu a Turai ba. A gidan tarihi na Fitzwilliam da ke Kambirij kuma akwai wata ta Rumawa, ta azurfa, mai shekara kusan 1,800. Da ruwan wuƙa, da cokali, da cokali mai yatsu, da tsinken sakace, duk a jiki ɗaya.

2. Alƙalami ne ya raɗa mata suna
Da Ingilishi sunan ƙaramar wuƙar aljihu yana nufin "wuƙar alƙalami". Kafin a samu alƙalamin ƙarfe, da gashin fiffiken dinya Turawa ke rubutu, kuma sai an fiƙe bakinsa an tsaga, kamar dai yadda almajiri ke yi wa alƙalamin gamba. Birnin Sheffield na Ingila ya yi suna a wannan sana'a. A farkon shekarun 1820 kamfanin Joseph Rodgers ya ƙera wata mai ruwa fiye da 1,800, daidai da lambar shekarar da aka yi ta, aka ci gaba da ƙara mata ruwa yayin da shekaru ke wucewa. A Sheffield ɗin ne kuma Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913.

3. Wuƙar sojan Suwizalan daga Jamus ta fara zuwa
Da rundunar Suwizalan ta nemi wuƙar da soja zai buɗe gwangwanin abinci ya kuma kwance bindigarsa da ita, babu maƙerin ƙasar da zai iya aikin da yawa haka. Guda 15,000 na farko daga Solingen ta Jamus aka sayo su. Abin ya sosa wa Karl Elsener rai, wani maƙeri a ƙauyen Ibach, ya haɗa kan 'yan uwansa maƙera suka karɓi aikin a 1891. Da mahaifiyarsa Victoria ta rasu a 1909 ya sa wa hajarsa sunanta, daga baya aka liƙa masa "inox", wato ƙarfe mara tsatsa da Faransanci, ya zama Victorinox. A 1908 gwamnati ta raba kwangilar gida biyu tsakaninsa da kamfanin Wenger. Suka yi zaman kishiyoyi na kusan shekara ɗari. Hare-haren 11 ga Satumba 2001 suka sa aka hana shiga jirgin sama da wuƙa, ciniki ya faɗi, Victorinox ya saye Wenger a 2005.

4. Ta je sararin samaniya
A 1995 ɗan sama-jannatin Kanada Chris Hadfield ya isa tashar Mir ta Rasha, ya tarar an ɗaure ƙofar shiga tamau. Da wuƙar Suwizalan ya samu ya buɗe. Wenger kuma ya taɓa ƙera wata mai kayan aiki 87 da ke yin ayyuka 141, ta shiga kundin Guinness. Aibinta ɗaya ne: ba aljihun da zai ɗauke ta.

5. Wuƙar talaka a gidan sarauta
Joseph Opinel, ɗan maƙeri daga tsaunukan Savoie a Faransa, ya fara ƙera wuƙarsa a 1890. Itace ne kawai da ruwa da ƙusa da zoben ƙarfe. A 1897 ya fitar da ita girma 12, daga lamba 1 zuwa 12, daga baya aka daina yin 1 da 11. Zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan sai a 1955 aka ƙara shi. Tambarinta hannu ne mai yatsu uku a miƙe da kambi a sama, an aro shi daga tambarin garin Saint-Jean-de-Maurienne, inda Kiristocin wurin suka yi imani akwai yatsu uku na Annabi Yahaya a majami'arsu. A 1985 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya sa ta cikin kayayyaki 100 mafiya kyawun ƙira a duniya, tare da motar Porsche da agogon Rolex.

6. Tambarin Agadas a wuƙar Faransa
A 1929 kamfanin Cognet na garin Thiers ya ƙera wata wuƙa mai arha, ƙotarta farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa. Mutanen tsibiran Melanesiya da ke tekun Pasifik aka yi wa ita, shi ya sa aka zana mata hoton wani dodonsu mai suna Douk-Douk. Can ba ta karɓu ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama: da aka juyo da ita Afirka sai ta zama ruwan dare, musamman a Aljeriya. A yaƙin neman 'yancin ƙasar, daga 1954 zuwa 1962, an yi aika-aika da ita har hukumomin Faransa suka sa mata takunkumi. Saboda Musulmin da ba sa son hoton dodo a aljihunsu, kamfanin ya fitar da wani samfuri mai suna El Baraka, wanda aka zana wa shahararren tambarin nan na Agadas da Buzaye ke ƙerawa da azurfa.

7. Dabbar Kwango, ƙirar Jamus, gida Afirka ta Kudu
A 1901 masanan Turai suka fara sanin okapi, wata dabbar dajin Kwango dangin raƙumin dawa mai zanen jakin dawa a ƙafafu. Shekara ɗaya bayan haka maƙeran Solingen suka sa wa wata wuƙa sunanta, suna sayarwa a ƙasashen da Jamus ta mallaka a Afirka. A 1988 aka kwashe injunan da sunan gaba ɗaya zuwa Afirka ta Kudu, can ake yin ta har yau. Arharta ta sa manomi da mai kamun kifi suka riƙe ta, ta kuma sa 'yan daba suka ɓata mata suna. A Jamaika ma haka, inda aka yi mata laƙabi da ƙarar ƙas-ƙas da take yi idan ana buɗe ta.

8. Tsinken ceton saniya
Duk makiyayi ya san yadda cikin saniya ke kumbura idan ta cika shi da ɗanyar ciyawa, har ta mutu in ba a yi sauri ba. Makiyayan ƙauyen Laguiole a kudancin Faransa sun sa an ƙara wa wuƙarsu wani tsinke a 1840, don a soka tumbi iskar ta fita. A 1880 aka ƙara abin cire toshiyar kwalba, domin 'ya'yan yankin da suka tafi ci-rani gidajen shan shayi da barasa na Faris. Mamakin ya fi yawa a sunan. Wani ɗan kasuwa da ba ɗan garin ba ya yi rajistarsa a 1993, aka riƙa manna shi a kayan da aka yi a Sin. A 2012 mutanen ƙauyen suka fusata, suka cire allon sunan garin daga bakin hanya, suka ce tunda an ƙwace musu suna, ba su ga amfanin allon ba.

9. An bar jaki ana dukan taiki
Da Japan ta hana yawo da takobi a 1876, maƙera da yawa suka koma ƙera kayan aiki. A garin Miki aka haifi Higonokami, siririyar wuƙa da ake danne ruwanta da babban yatsa. Ta zama abin fiƙe fensir na kusan kowane ɗan makaranta. A 1960 wani yaro mai shekara 17 ya kashe ɗan siyasa Inejiro Asanuma a kan dandamali a Tokyo, da gajeren takobi. Aka tayar da gangamin raba yara da wuƙa, kasuwar Higonokami ta rushe alhali ba da ita aka yi kisan ba. Yau gida ɗaya tak, Nagao Kanekoma, ke da ikon amfani da sunan.

10. Aljihun Shugaba Lincoln
Abin da ke aljihun Abraham Lincoln a daren da aka harbe shi, 14 ga Afrilu 1865, ya zauna a hannun iyalinsa har 1937, sannan a rufe cikin akwati a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka har 1976. Da aka buɗe sai ga tabarau biyu, da hankici, da yankakkun jaridu, da wuƙar aljihu mai ƙotar hauren giwa, da kuma takardar dala 5 ta 'yan tawayen Kudu da ya yi shekara huɗu yana yaƙa.

11. Ba a karɓar ta kyauta
A Faransa da Ingila da wasu ƙasashe akwai camfin cewa kyautar wuƙa tana yanke zumunci. Wanda aka bai wa sai ya miƙa ko da kwabo ne, abin ya koma ciniki.

12. Allah ɗaya, gari bamban
A Birtaniya kana iya yawo da wuƙa mai naɗewa ba tare da an tambaye ka dalili ba, muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa. Ke nan Opinel lamba 8, wadda manomin Faransa ke yanka burodi da ita, tana iya kai mutum gaban alƙali a Landan. A Italiya dokar 1908 ta taƙaita tsawon wuƙa mai tsini, maƙera suka koma ƙera masu guntulen baki. Su doka ta fi sassauta musu.

13. Wuƙar da ba ta taɓa yanka ba
Aski ya zo gaban goshi, sai mu leƙa wurin masu tarawa. Kamfanin Case na Amurka ya buga ɗigo 10 a gindin ruwan wuƙaƙensa a 1970, yana rage ɗaya kowace shekara, don haka gwani na ƙirga ɗigo ya faɗa maka shekarar haihuwar wuƙa, kamar mai duba haƙoran doki. Sukan kasa kunne su ji ƙarar rufewarta, su ɗaga ta a haske su ga ko akwai rata tsakanin ƙarfe da ƙota. Wasu har shafa wa sabon ruwa ruwan tsami ko sokawa cikin dankali suke yi, don ya yi duhu kamar ya sha aiki. A kasuwarsu wadda ba a taɓa wasawa ba, tana kwance a kwalinta na asali, ita ke da tsada. Wadda kaka ya wasa shekara arba'in har ruwanta ya sirance kamar tsinke, ta fere rake, ta yanke igiya, ta gyara farce, ko tayawa ba a cika yi ba. Amma je ka nemi jikan ya sayar maka da ita.