Hattara da toshe kunne a gidan motsa jiki

Wata ɗabi'a ta shigo gidajen motsa jiki, tana kuma yaɗuwa tsakanin samari da 'yan mata kamar ba komai ba ce. Mutum zai cusa iyafis marar waya a kunnuwansa biyu, ya kunna tsarin nan da ke kashe hayaniyar waje, ya ƙure ƙarar kiɗa, sannan ya hau injin gudu ko ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe. Daga nan ba shi ba duniya sai ya gama. Abin da a da sai a Landan ko Dubai ake gani, yau ga shi a Kano da Kaduna da Abuja, domin iyafis ya yi araha, duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre zai same shi iri-iri. Ina jan kunnen masu wannan ɗabi'a da babbar murya, saboda jinsu suke sa wa a caca, shi kuwa ji in ya tafi ya tafi ke nan.

A yi wa na'urar adalci tukuna. Tana da ɗan makirfo da ke sauraren ƙarar waje, sai ta samar da wani sauti kishiyarsa, su biyun su kashe juna kafin su isa dodon kunne. Matuƙan jirgin sama aka fara yi wa ita. Kamfanin Bose ya fitar musu da irinta a 1989, kuma sai a 2019 Apple ya sa tsarin a AirPods Pro. A cikin jirgi ko mota amfaninta a fili yake, don tana ba mutum damar sauraro da ƙaramar ƙara. Amma ta fi iya kashe sauti mai ɗorewa a kan salo ɗaya, irin rurin janareta ko fanka. Ƙarar faɗuwar ƙarfe, ihun mutane da kiɗan da lasifikar gidan ke zubawa, waɗannan suna kutsowa. Sai mai iyafis ya ƙara ƙara don ya danne su. Gumi na karyowa, numfashi na sama-sama, yana neman abin da zai zaburar da shi ya ƙarasa zagayen ƙarshe, sai ya sake ƙarawa. A nan ɓarnar take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni tun 2019, tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya: babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba. Daga nan lokacin yake zubewa da sauri. A desibel 90, awa 4 kacal a mako. A 95, awa ɗaya da kwata. A 100, minti 20 a mako gaba ɗaya, kuma iyafis da yawa suna kaiwa 100 ko su wuce in an ƙure su. To, ɗan'uwa, yi lissafi da kanka. Kana zuwa motsa jiki awa guda kullum, kwana biyar a mako, ƙararka tana wajen 95. Kafin ka gama atisayen ranar Talata ka cinye rabonka na mako. Laraba, Alhamis da Juma'a duk bashi kake ci a kan kunnenka, ban da abin da ka saurara a hanya da wanda ka kwana da shi. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji ta irin wannan sauraro, ta kuma yi hasashen cewa nan da 2050 kusan mutum biliyan 2.5 za su kasance da wani mataki na raunin ji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cutar ba ta da zafi. In ka ɗaga ƙarfen da ya fi ƙarfinka, kafaɗa za ta gaya maka kafin gari ya waye. Kunne ba ya gaya wa kowa. Can cikinsa akwai wani ɗan murɗaɗɗen sashe mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero a gona: yau ya kwanta ya miƙe, gobe ya kwanta ya miƙe, ranar da ya karye kuwa ba sauran miƙewa. Tsoka in ta yage tana haɗewa, ƙashi ma yana ɗoruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa a jikin ɗan'adam, kuma har yau babu allura ko ƙwayar maganin da ke dawo da su.

Alamun farko kowa ya san su, raina su ake yi. Ka cire iyafis ka ji kunne yana wani siririn kuka, ko ka ji kamar an cusa maka auduga na ɗan lokaci. Ka ce gajiya ce. Daga baya kukan ya ƙi tafiya, ya bi ka har shimfiɗa, dare ya yi tsit amma kai ba ka da shiru. Sautuka masu kaifi su ne ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum zai ce yana jin ana magana amma ba ya gane me ake cewa, musamman a cikin taro. Saurayi ɗan shekara 28 yana zaune a majalisa, "Me ka ce?" ta zama bakinsa. Mahaifiyarsa ta kira shi sau uku daga ɗaki bai amsa ba, a ce girman kai ne ya shige shi. Ƙirji ya faɗaɗa, damtse ya cika riga, kunne kuwa ya riga mai shi tsufa da shekara talatin.

Akwai kuma haɗarin da ba ya jiran shekaru. Gidan motsa jiki wuri ne na ƙarafa masu nauyi da injina masu juyawa, inda "Kauce!" ɗaya ke raba mutum da karaya. Wanda ya kwanta yana tura ƙarfe daga ƙirji, da mai tsaya masa a kai, dole su ji juna. In mai tsayawar ya toshe kunne hankalinsa na kan waƙa, wa zai ji nishin wanda ƙarfe ya danne? Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, ga shi mun toshe kunnen da kuɗinmu. Kiɗa mai ƙarfi yana kuma rage wa mutum jin gajiyarsa, wanda a zafin watan Afrilu, cikin ɗakin da ba iska, kan sa ya wuce inda ya kamata ya tsaya.

Masu gudu a bakin titi bayan sallar Asuba, naku ya fi muni. A 2012 masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka sun tattara haɗurra 116 da suka auku tsakanin 2004 da 2011, na masu tafiya a ƙasa da abin sauraro a kunne. Kashi 70 cikin ɗari sun mutu. Fiye da rabinsu jirgin ƙasa ne ya buge su, kuma a kusan kashi uku cikin goma an yi hon kafin a buge su. Wannan a ƙasar da ke da hanyar masu ƙafa daban. Mu nan da mai gudu da ɗan acaɓa da a-daidaita-sahu duk kwalta ɗaya suke rabawa, hon ne kaɗai ke tsakaninsu. Ga masu ƙwacen waya, waɗanda ba abin da suke so irin wanda ba ya jin takun bayansa.

Sai batun gumi. Robar iyafis tana rufe ramin kunne ruf, zafi da danshi su taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ta kuma tura dauɗar kunne ciki ta daskare. Ƙaiƙayi ya fara, mutum ya ɗauki tsinken ashana ko gashin kaza ya sosa, ya ƙara rauni, mugunya ta biyo baya. Rubutun IPX4 da ke jikin kwali na'urar yake karewa daga gumi, bai ce komai a kan kunnenka ba. Aron iyafis tsakanin abokai kuwa a daina shi kwata-kwata.

Ban ce a jefar da na'urar ba. Kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin ɗari na iyakarta, kuma wayoyi da yawa suna da wurin da ake ɗaure iyakar, a shiga a ɗaure. In wanda ke tsaye kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka wuce gona da iri. Lokacin ɗaga ƙarfe mai nauyi, ko tsaya wa wani, ko gudu a titi, a cire shi gaba ɗaya, ko aƙalla a kunna tsarin da ke shigo da sautin waje. A goge shi, a bar kunne ya bushe. Masu gidajen motsa jiki, ku rage lasifikarku, don ita ce ke tilasta wa yaran mutane ƙure nasu. Amanar lafiyarsu suka kawo muku.

Wanda kuma kunnensa ya riga ya fara kuka, ko yake yawan neman a maimaita masa magana, kada ya ɗiga mai ko wani haɗi, kada ya tsaya a kemis. Ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi masa gwajin ji. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. In kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a tafi asibiti a ranar, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Ƙannena, ku duba wayarku yau, ku sauke ƙarar kafin ku shiga atisayen gobe.