Ko Kun Sani?

Rabon mutanen Gaya da akwatin zaɓe tun 21 ga Fabrairun 2021, ranar da Mohamed Bazoum ya doke Mahamane Ousmane a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Nijar. A faɗin Nijar, kusan kashi 63 cikin ɗari na masu rajista suka fito.

Jihar Dosso, inda Gaya take, ta daɗe tana zaman gidan jam'iyyar ANDP-Zaman Lahiya ta marigayi Moumouni Adamou Djermakoye, wanda ya zo na huɗu a zaɓen shugaban ƙasa na 1993. Yau ba jam'iyyar, ba kansiloli: sojojin da suka karɓi mulki a Yulin 2023 sun rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, sannan jam'iyyu baki ɗaya a Maris 2025.