Ko Ka San Injin Jirgin Ruwa Ya Fi Lalacewa a Ajiye?

Ko ka san cewa injin jirgin ruwan da ya shekara biyu a jingine a zaure ya fi wanda ke tsallaka kogi safe da yamma kusa da mutuwa? Yawancin masu saye akasin haka suke ɗauka. A bakin ruwan Yawuri, ko Wara, ko Malale, ba a rasa jirgin da aka janyo tudu aka kife, ciyawa ta zagaye shi, awaki sun mai da ƙarƙashinsa wurin shan inuwa. Injin yana can gida, an lulluɓe shi da buhu. Da mai ciniki ya zo, maganar dillali ɗaya ce: "Alhaji, ai lafiyarsa ƙalau aka ajiye shi, filogi kawai za ka canza." Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa game da ranar da aka ajiye shi ɗin. Amma abin da ya faru a cikin ƙarfen tun daga ranar, dillali bai gani ba, mai jirgin ma bai gani ba.

Wannan inji da ake maƙalawa a bayan jirgi ya haura shekara ɗari a duniya. Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norwe da ya tashi a jihar Wiskonsin ta Amurka, ya fara ƙera nasa samfurin don sayarwa daga 1909, a birnin Milwoki. Ƙarfin doki ɗaya da rabi ne kacal, nauyinsa wajen kilo 28. Ana ba da labarin wai tuƙin filafili ne ya gallabe shi ran da ya tsallaka tafki da tsakar rana don ya sayo wa budurwarsa askirim, kafin ya dawo ya narke. Kamfanin Yamaha na Japan ya shigo harkar a 1960, kuma a yau samfurinsa na Enduro, musamman mai ƙarfin doki 40, shi aka fi gani a bayan jiragen masunta da na fito, tun daga tafkin Kainji har Baga. An ƙera shi ne don wahala. Yana jure ruwan laka, da man da ba shi da tabbas, da bakaniken da kayan aikinsa ba su wuce sufana da sukundireba ba. Zaman banza ne ba ya jurewa.

Dalili yana cikin yadda yake shan mai. Inji ne mai bugu biyu, irin ƙaramin janareton nan da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur. Ba shi da wata ma'ajiyar baƙin mai ta daban. Ana gauraya kashi ɗaya na baƙin mai da kashi 50 na fetur, wato rabin lita a jarka mai lita 25, kuma wannan haɗin ne ke bi ta cikin inji ya shafe karanshaf da boris da fistin kafin ya ƙone. Muddin ana aiki da shi, kullum shafen sabo ne. Da ya tsaya, ɗan siririn man ya tsiyaye, iska mai laima ta shigo ta kafireta da hanyar hayaƙi, sai tsatsa ta kama boris. Damina biyu sun isa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne irin wannan inji yakan tashi, har ya yi ƙara mai daɗin ji ranar ciniki. Sai an fara ɗora masa kaya, boris ɗin da tsatsa ta ci ya farfashe, ɓaraguzansa su kwarzane silinda. Aikin da aka ce na filogi ne ya koma kwance inji kaf.

In kuwa injin ya taɓa nutsewa, tambayar da ake yi ita ce awa nawa ya yi bayan an tsamo shi kafin bakanike ya taɓa shi. A ƙarƙashin ruwa tsatsa ba ta gaggawa. Da an fito da shi iska ta buge shi take farawa, shi ya sa masu sani suke fitar da ruwan, su cika ciki da mai, su tayar da shi a ranar. Wanda aka tsamo aka jingine a zaure wai har sai an samu kuɗi, sau da yawa ya gama aiki ke nan. Laka a lungunan da hannu ba ya kaiwa idan an cire murfi, ko tsanwar tsatsa a kan wayoyi, su ne ke tona asirinsa.

Fetur ɗin da aka bari a ciki shi ma yana tsufa. Cikin 'yan watanni sassauƙan ɓangarensa ya tashi, ya bar danƙon da ke toshe ƙananan ramukan kafireta. Wannan shi ne aibin da mai saye zai so ya tarar, don wanki kawai yake bukata.

Wanda ya fi muni ƙarami ne, ya shige tafin hannu. Injin jirgi ba ya yawo da ruwan sanyaya kansa. Daga kogin yake zuƙa, ta wasu ramuka a ƙasan ƙafarsa, kuma abin da ke tura ruwan sama wata 'yar fanka ce ta roba mai fikafikai, a cikin ƙaramin gida sama da giya. Fikafikan a lanƙwashe suke zama. Idan ta daɗe ba ta juya ba sai robar ta ƙandare a yadda take, ta tsattsage, ranar da aka tayar da inji ta kakkarye, guntayenta su bi hanyar ruwa su toshe. Ruwan kogi ne kuma ke sa ta santsi, saboda haka in aka tayar da inji a tudu ba ruwa, kafin minti ɗaya ta ƙone. Dillalin da ya finciki igiya a ƙofar gida don ya burge mai saye da ƙarar inji, a gaban idonsa yake lalata abin da yake sayarwa. Gwajin gaskiya a cikin ganga cike da ruwa ake yin sa, ko a kogi, ido kuma yana kan siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga gefen inji. In ya fito da ƙarfi, fanka tana aiki. In yana ɗiga, ko babu shi sam, a kashe inji nan take. Kuɗin robar ba wani abu ba ne, amma injin da ya yi zafi ya kama saboda ita, gyaransa yakan lashe kuɗi masu tsoka. A kogin Kwara, inda yashi ke goge gidan fankar, kainuwa da leda kuma ke rufe ramukan zuƙar ruwa, tsufanta ya fi sauri.

Daga nan sai ƙasa, wajen farfela. Akwai noti a gindin gidan giya. A kwance shi kaɗan a tara hannu. Mai lafiya yakan fito garau ko ya yi duhu. In ya fito fari-fari, ya yi kauri, ruwa ya shiga. In da ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, haƙoran giya sun fara cin juna. Mai laifin sau da yawa zaren raga ne ko na ƙugiya, wanda ke naɗewa a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. A jirgin masunta wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ba a ganinsa sai an cire farfelar. A duba ƙafar injin ma da kyau ko an taɓa yi mata walda. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum sama da 40,000, amma itatuwan da ba a sare ba suna nan a ƙasa. Idan ruwa ya ja baya, kututtukansu ne ke jiran ƙafar inji. Ƙafar da ta taɓa bugun kututture takan lanƙwasa sandar farfela, sai a ji jirgi yana karkarwa a guje.

Gwaji na ƙarshe a jikin inji shi ne na matsi. Bakanike zai cire filogi, ya ɗaura ma'auni a ramin, a ja igiya. Abin dubawa shi ne matsin silinda biyun da ke cikin injin ya zo kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, ringi ko fistin ya tafi. In igiyar ta ƙi jawuwa gaba ɗaya, inji ya kama, kuma babu wanda zai iya faɗin kuɗin gyaransa sai an buɗe.

Duk wannan a kan inji ne, kuma nan hankalin mai saye yakan tsaya, tunda sau da yawa sabon inji ya fi jirgin katakon kansa tsada. Sai dai injin da ya mutu a tsakiyar ruwa yakan bar mutum da filafili da gora, ya lallaɓa ya kai gaɓa. Katakon da ya buɗe ba ya barin komai. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tsage a kan hanya, ɗauke da mutum sama da 150. Waɗanda aka ceto ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Jami'ai sun ce jirgin tsoho ne, an kuma cika masa kaya fiye da ƙima.

Katakon jirgi yana da tasa ɗabi'ar. Idan ya daɗe a tudu sai ya bushe ya tsuke, a riƙa hango haske ta tsakanin allunan. Baƙon harkar yakan tsorata da wannan, alhali ba shi ne abin tsoro ba: in aka cusa auduga ko tsumma da kwalta, aka bar jirgin ya kwana biyu a ruwa, katakon zai kumbura ya matse. Abin tsoro shi ne laushi. Ruwan saman da ya kwanta a cikin jirgin da ba a kife ba yana ruɓar da katako daga ciki, gara kuma tana hawa daga ƙasa ta cinye tsakiya ta bar fuska sumul. Kafinta yakan bi jirgin da guduma yana sauraro, katako mai lafiya yana amsawa rau, ruɓaɓɓe ya yi dum. Sai ya soka sukundireba a duk inda bai yarda ba, musamman gindin haƙarƙarin jirgi da allon baya inda ake ɗaure inji, don shi ke ɗaukar nauyin ƙarfen da dukan turinsa. Baƙin tabo a kewayen kan ƙusa alama ce ta cewa ƙusar ta tsatse a ciki, ba ta riƙe komai. A tambayi irin itacen ma. Maɗaci da kawo da loko suna jure ruwa; farin katako mai arha ba ya kai ko'ina, kuma sabon fenti yana iya ɓoye kowanne. Jirgin da aka daɗe da yasarwa amma fentinsa na ƙyalli, ya cancanci soka biyu.

Masu ganin jirgin faiba ya tsira daga wannan su ma su bi a hankali. Da yawansu akwai filawud a tsakiyar allon baya, an rufe shi da faiba ciki da waje. Ruwa yana shiga ta ramukan noti ya ruɓar da shi ba tare da an ga komai ba. Ana gane shi ne idan aka ɗaga ƙafar inji aka danna ta da ƙarfi: allon da ya motsa ko ya yi ƙara, cikinsa ya tafi, kuma gyaransa sai an yanke an sake zubi.

Akwai kuma batun kayan gyara, wanda ke kashe injin da ƙarfensa lafiya lau. A watan Mayun 2020 kamfanin BRP na Kanada, wanda ya mallaki sunan Evinrude, ya daina ƙera injinan Evinrude gaba ɗaya, bayan shekara fiye da ɗari. Duk wanda ya sayi samfurin da ba a saba gani a mashigarsa ba, komai arharsa, zai yi ta aike Legas ko Onica a kan 'yar roba guda, jirgi yana ɗaure ana cin kasuwa ba da shi ba. Injin da kowane bakaniken bakin ruwa ya san cikinsa ya fi daraja ko da ya fi tsufa, in dai an kauce wa kayan jabu. Lambar da ke jikin maƙalin inji ita ma a duba ta. Injin jirgi kaya ne mai daɗin sata, ana kwance shi a saɓa a kafaɗa, don haka wanda aka kankare lambarsa a bar wa mai shi. Rasit, da shaidar sarkin ruwa ko shugaban matuƙan mashigar, su ke raba mai saye da rigima. Wanda zai yi fito kuma akwai rajista da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, mai hedikwata a Lokoja.

To, a saya ko a bari? Jirgi mai lafiyayyen katako da mataccen inji abin saye ne, amma a kuɗin katakon kawai, injin ya zo a matsayin gyara. Inji mai kyau a kan ruɓaɓɓen jirgi, a taya injin, a bar wa masu itacen girki sauran. In duka biyun sun gaji, wanda zai ci riba shi ne kafinta ko bakaniken da ba zai biya kowa kuɗin aiki ba. Malamin makarantar da ya tara albashi yana son ya shiga sana'ar fito, wannan ba hajarsa ba ce. Lissafin da ake yi shi ne a haɗa kuɗin saye, da na gyaran da ido ya gani, da wani kaso na wanda zai ɓullo bayan an buɗe inji, da makonnin da jirgi zai yi bai kawo ko kwabo ba. In jimlar ta kusa kuɗin jirgin da ke kan aiki yanzu, gara na kan aikin, don shi ana iya hawansa a ji.

Tsofaffin matuƙa ba sa ƙirga kuɗi sai an saka jirgin a ruwa, an loda masa buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, an yi gudun rabin awa ana kallon siririn ruwan inji, sannan a ɗaure shi ya kwana. Da asuba a zo a ga yawan ruwan da ya tsatso. In mai jirgi ya ce shi ba zai yarda da wannan ba sai an biya, sukan taya shi a kuɗin itace, injin kuma a kuɗin da sikelin 'yan gwangwan zai nuna.