KA SAMU TAKARDAR BINDIGA: WACE IRI ZA KA SAYA?

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauka. Yanzu ne mai sha'awar farauta yake fara duban daji. Yau maganarmu da mutumin da ya bi hanya ce, ya kai takardunsa, ya yi haƙuri, har hukuma ta ba shi izinin riƙe bindigar farauta. Kuɗinsa na hannu, na albasa ne ko na ragon da ya sayar. Saura saye. To, a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, kuma kuskuren bindiga ba ya gyaruwa kamar na garma.

Kafin mu shiga kasuwa, ga tunatarwa. Takardu biyu ne. Ta farko ita ce izinin riƙe bindiga, wadda take fitowa daga ma'aikatar cikin gida. Ta biyu ita ce parmin farauta, wanda malaman daji suke bayarwa. Mai ta farko kaɗai yana iya ajiye bindiga a ɗakinsa, amma ba ya da ikon harbin ko da kurciya. Dattawa suna tune da cewa an rufe farauta a Nijar tun cikin shekarun 1970, bayan babban fari, ba a sake buɗe ta ba sai a tsakiyar shekarun 1990. Daga baya aka yi doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Ita ce ta raba parmi kashi-kashi, na ƙaramar farauta daban, na babba daban.

Bindigogin farauta iri biyu ne manya. Akwai karabin. Cikin bututunta akwai zane mai murɗewa, tana harba dalma guda ɗaya mai tafiya nesa. An yi ta ne domin manyan namun daji. Akwai kuma mai santsin ciki, wadda harsashinta yake ɗauke da ƙananan ƴaƴan dalma masu yawa, su fita su bazu kamar an watsa iri.

Saurayi yakan so karabin, don ta fi kyan gani kuma ta fi suna. Amma mu tambayi kanmu: me ya rage a dajinmu? Wanda ya san ƙasar Deule da Buza da Keita da Madawa ya san amsa. Zabin daji ne a gindin duwatsu, da fakara a bakin gonaki, da zomo, da kurciya da hasbiya. In tabki ya riƙe ruwa, kamar na Keita ko na Tabalak, a samu kirinjijiya da ɗinya. Barewa ta yi wuyar gani. Jimina da raƙumin dawa kuwa doka ta hana taɓa su ko kaɗan. Raƙuman dawa 8 da aka ɗauko daga Kure aka kai gandun Gadabeji a shekarar 2018, an kai su ne don su hayayyafa. Duk abin da mai ƙaramin parmi zai harba a wajenmu, tsuntsu ne ko zomo. Wanda ya sa wa fakara harsashin karabin, in ya same ta ma, gashi zai tsinta.

Akwai dalili na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Ƙasarmu cike take da mutane. Kwarin Majiya da kwarin Tarka gona ce a jikin gona. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a Majiya a 1975 don tare iska sun girma, sun rufe gani. A Keita, aikin gyaran ƙasa da aka soma a 1984 ya mayar da itatuwa a fako da yawa. Abin alheri ne, amma maharbi ba ya ganin abin da ke bayan itace. Ko mace ce mai itace, ko yaro mai kiwo, ko mai ban ruwan albasa ya sunkuya. Harsashin ƙaramar karabin, wadda ake kira 22, yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi. Na babba yana wuce kilomita 3. A tudun dutse kuma yakan daki dutse ya karkace, ya nufi inda ba a nufa ba. Ƙananan ƴaƴan dalma kuwa ƙarfinsu na kisan tsuntsu bai wuce mita 35 zuwa 40 ba, kuma kafin mita 300 sun zube ƙasa. Ko su ma suna fasa ido, kada a raina su. Amma tsakanin mita 300 da kilomita 3 akwai garuruwa.

Saboda haka shawararmu ga mai sayen fari ita ce: mai santsin ciki, mai baki ɗaya, lamba 12.

Me ake nufi da 12? Tsohon awo ne na Ingila. In aka narka dalma mai nauyin giram 453, aka raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bakin bindigar, wato kusan milimita 18 da rabi. Shi ya sa lamba 16 ta fi 12 ƙanƙanta, lamba 20 kuma ta fi 16. Lissafin a juye yake. Lamba 16 da 20 ba su da laifi, har sun fi sauƙin dukan kafaɗa. Matsalarsu harsashi. Na 12 shi ne aka fi samu wurin masu izinin sayarwa a ƙasashenmu. Bindigar da ba ka samun harsashinta sanda ce mai tsada.

Baki ɗaya kuma don me? Ta fi araha. Ba ta da nauyi, wajen kilo 3 ce, mutum ya yini da ita a kan duwatsun Adar. Ƙarafunanta kaɗan ne, ƙurar hunturu ba ta cika hana ta aiki ba. In ka karya ta, kowa ya ga ba kome ciki. Kuma mai harsashi ɗaya yana koyon haƙuri, ba ya harbi sai ya tabbata. Mai baki biyu tana da daɗi wurin agwagin ruwa, amma a bar ta sai hannu ya faɗa. Sunaye biyu ne maharban Afirka ta Yamma suka fi sani. Akwai Simplex ta kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne a Faransa, wadda kakanni suka riƙe. Tsohuwar masana'antar ta durƙushe a shekarun 1980, don haka yawancin waɗanda ke yawo a hannu sun tsufa ƙwarai. Akwai kuma Baikal ta ƙasar Rasha, ba ta da ado amma tana da juriya.

Wani zai ce, ai ta maƙera ta fi duka araha. Gaskiya ne, kuma muna girmama maƙeranmu wurin garma da hauya da galma. Sai dai bututun bindiga ƙarfe ne na musamman. A masana'anta ana gwada kowane ɗaya da harsashi mai ƙarfi fiye da kima, sannan a buga masa hatimi. Bututun famfo ko na mota ba wanda ya gwada shi. Albarushin harsashin zamani ya fi na gargajiya ƙarfi nesa. Ranar da bututu ya fashe, hannun hagu da ido ne suke biya. Ga shi kuma ba ta da lambar da za a rubuta a takardarka.

Idan ta hannu za ka saya, tafi da tsohon maharbi, kuma ku duba ta da rana. Ku fara da lamba: wadda ke jikin ƙarfe ta zama ita ce ke cikin takardar mai sayarwa. In an kankare lamba, ko aka ce takarda ta ɓace, tashi ka bar wurin, kome arha. Bindigar da ta ƙetaro iyaka a ɓoye ba ka san abin da aka aikata da ita ba, kuma a hannunka za a same ta. Tun 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara makaman da ba sa bisa doka. Saye ya bi ta hannun hukuma, a mayar da sunanka a kan bindigar.

Sannan ka karya ta, ka ɗaga bututu wajen haske. Cikinsa ya zama sumul yana walƙiya. In ka ga ramuka na tsatsa, ko wurin da ya kumbura ko ya loɓa, a bar ta. Rufe ta ka girgiza. In bututu yana motsi a mahaɗinsa, ta gaji. Dubi katakon gindi, kada ya zama ya tsage an ɗaure da waya. Gwada makullin kunama, ka ga yana riƙewa. Daga nan ka ɗora ta a kafaɗa da irin rigar da kake shiga daji. In sai ka miƙa wuya kafin idonka ya bi bayan bututu, ta yi maka tsawo.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi muku rana. A jikin bututu, kusa da inda ake sa harsashi, an rubuta lambobi, misali 12/70. Ta farko faɗin baki ce. Ta biyu tsawon ɗakin harsashi ne da milimita: 65 ko 70 ko 76. A kwalin harsashi ma an rubuta. Gajeren harsashi yana shiga dogon ɗaki ba laifi. Dogon harsashi a gajeren ɗaki haɗari ne, ko da ya shiga bindiga ta rufu, domin bakinsa ba ya samun wurin buɗewa. Tsofaffin bindigogi da dama 65 ne, alhali harsashin da ya fi yawa yau 70 ne. Kada kuma harsashin 20 ya kwana aljihu ɗaya da na 12. Yakan zurma cikin bututu ya maƙale, mutum ya ɗora wani a bayansa.

Akwai wata lamba kuma, ta girman ƴaƴan dalma. Ita ma a juye take: ƙaramar lamba, manyan ƴaƴa. Lamba 6 ta ishi fakara da zomo da hasbiya, kuma harsashi ɗaya mai giram 32 yana ɗauke da ƴaƴa sama da 250. Lamba 4 ta fi dacewa da zabo da agwagwa. Kafin ka shiga daji, kafa takardar buhun siminti a jikin gaɓar kwazazzabo, inda ba mutum ba dabba, ka ja baya taki 30 ka harba. Za ka ga yadda taka take watsawa. In ka kawo nama gida, a tsince dalma a yanke inda ta bi kafin a sa a tukunya. Dalma guba ce ga ƙananan yara. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito.

A gida, bindiga ba ta kwana da harsashi a ciki. A kulle ta, harsashi kuma a wani akwati daban, nesa da murhu da hannun yara. Bayan kowace fita a goge bututu a shafa mai kaɗan. Kuma duk ranar da za ka ɗauka, leƙa ciki tukuna: zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a bakin bindigar da aka rataye, kuma wannan ƴar laka ta isa ta fasa bututu.

Dokar 1998 ta hana farautar dare da fitila, da bin dabba da mota, da sa wa daji wuta, da guba, da makaman yaƙi. Ranar buɗe farauta da ranar rufewa hukuma ce take sanarwa, sai ku saurari rediyo ko ku tambayi malamin daji na Buza, ko na Keita, ko na Madawa. Saboda halin tsaro kuma, a shekarar 2017 an sa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya, arewacin jihar Tawa. Kafin ka fita da bindiga daga garinku, ka biya wurin jandarma ka ji abin da aka yarda da shi a inda za ka, takardunka biyu suna cikin aljihu.