Burodin Mutanen Ayalan

'Yan'uwana ɗalibai, ga hutu ya ƙarato, kuma kowa na so ya nuna wa iyaye abin da ya koyo. Shi ya sa zan ba ku labarin wani burodi na mutanen Ayalan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila. Ranar 17 ga Maris suke bikin tunawa da Waliyyi Patrick, kuma gidaje da yawa sukan toya shi a ranar.

Kayan haɗinsa huɗu ne: fulawa kofi 4, gishiri ƙaramin cokali 1, bekin soda ƙaramin cokali 1, sai nono mai tsami kofi 1 da rabi. Na biki akan ƙara masa zabibi da sukari da ƙwai.

Abin mamaki, ba a sa masa yis. Dalili kuwa, in tsamin nono ya gamu da soda sai iska ta fito, ita ke kumbura ƙullin. Saboda haka kada a daɗe ana murzawa, kada kuma a ajiye shi, don iskar za ta gudu, burodin ya yi tauri.

A mulmula shi, a tsaga samansa tsaye da kwance don zafi ya ratsa. Kakanninsu a tukunyar ƙarfe suke gasawa, wuta a ƙasa, garwashi bisa murfi, to mu ma ba mu da uzurin rashin tanda. Bayan kamar minti 40, a ƙwanƙwasa ƙasansa. In ya yi ƙara kamar ganga, ya nuna, sai a kira baƙi.