2.2 Tarihi da Ƙa'idojin Rarraba Halittu da Raɗa Masu Suna

A wannan sashe za a dubi yadda masana suka rarraba halittu masu rai, da kuma dalilin da ya sa kowane jinsi ya sami suna guda tilo.

Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Aristotil na ƙasar Girka ya kasa dabbobi gida biyu, wato masu jini da marasa jini. Ɗalibinsa Theophrastus kuwa ya kasa tsirrai bisa girmansu, kamar itatuwa da ganyaye. Sai dai matsalar suna ba ta kau ba. Kowace al'umma da nata sunayen, kuma masanan Turai kan kira tsiro guda da doguwar jimlar Latin. Ko a Hausa, gero da maiwa sunaye biyu ne, alhali a wajen masana jinsinsu ɗaya.

Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ne ya daidaita al'amarin. A littafinsa Species Plantarum na 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, sannan ya yi wa dabbobi haka a bugu na 10 na Systema Naturae a 1758. Ƙa'idojin wannan tsari sun haɗa da:

(i) Kalmar farko tana nuna dangi, kuma da babban baƙi take farawa. Ta biyu tana nuna jinsi, da ƙaramin baƙi.
(ii) Ana gina sunan bisa sigar Latin.
(iii) Idan jinsi guda ya sami sunaye biyu, wanda aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ake ɗauka.

Misali, sunan kuka shi ne Adansonia digitata. Kalmar farko tunawa ce da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin itacen a Senigal, ta biyu kuwa tana nuni da ganyenta mai kama da yatsu.

Bayan fitowar littafin Darwin a 1859, sai aka koma rarraba halittu bisa asalin da suka haɗa, maimakon kamanni kawai. A 1969 Whittaker ya kawo rukunoni biyar, sannan a 1990 Woese da abokan aikinsa suka kawo manyan rassa uku bisa nazarin ƙwayoyin gado. Wannan ne ya sa suna kan canza idan an sami sabuwar hujja. Gawo, alal misali, an daɗe ana kiransa Acacia albida kafin a mayar da shi Faidherbia albida.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa suna guda yana hana ruɗani. Malamin gona ko mai haɗa magani da ya ɗauki wani tsiro a madadin wani saboda kamancin suna, yana iya jawo asarar amfanin gona, ko ma ta rai.